Sunan Da Bakina Ya Ƙi Faɗa

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Yau Inna ta dawo da yaron daga Wara. Tun da aka yaye shi yake hannunta, yadda ake yi da ɗan fari a gidanmu. Ta ce ta gaji. "Ɗan nan bai jin kira, Jummai. Da ya ga ƙohwa buɗe sai bakin ruwa, ni ko ba ni iya gudu." A cikin kayansa na tarar da igiya. Da ita take ɗaure masa ƙafa a jikin turmi idan za ta yi salla. Na ga shatin a idon sawunsa. A gaban uwata zan nuna damuwa a kan ɗan fari?

Talata, 9 ga Satumba

Ya fasa randa, ya ciji ƙanwarsa Khaulat. Makaranta ma sun koro shi, wai ba ya zama wuri ɗaya. Na zane shi da maficin kaba har hannuna ya gaji. Ko hawaye bai yi ba, ya koma ya ci gaba da jera marafan kwalba a bakin rijiya. Ni ce na shiga ɗaki na yi kukan.

Lahadi, 14 ga Satumba

Maƙwabta sun hana 'ya'yansu shigowa. Wai mutanen ruwa ne suka shafe shi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kai shi asibiti a Yelwa. Wata nas, Sista Susan, ta daɗe tana kallon yadda yake toshe kunne idan babur ya wuce. Ta ce ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Akwai yaran da hayaniya ke yi musu ciwo, magana mai tsawo kuma ba ta shigarsu, duka sai dai ya ƙara rikita su. Za ta haɗa mu da likitan yara. Sai ta tambaye ni yadda nake kiransa. Na ce "kai", ko "wannan".

"Na san al'adar, Maman Khaulat," in ji ta. "Amma shi bai san kunya kike ji ba. Ki durƙusa daidai tsawonsa, ki kira sunansa a hankali, sannan ki faɗi abu ɗaya tak."

Ita faɗa ba ta yi mata wuya. Khaulat nakan kira sunanta sau ɗari a wuni, har da kirari. Shi yana ji kuwa? Wannan tunanin ya hana ni cin abinci.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ruwa ya cika har ya taɓo gonakin shinkafa. Sau biyu maigida yana barin kifinsa a kasuwa ya bi unguwa nemansa. Yau ya yanke magana: idan yaron ya sake fita, zai kai shi wurin wani mai magani a wajen Shanga, inda ake sa musu mari a ƙafa. Ba mugunta ba ce, na sani, tsoro ne. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na gwada kiran sunansa ni kaɗai a madafa, ina fuskantar tukunya. Bakina ya ƙi. Mace da girmanta!

Litinin, 6 ga Oktoba

Ya fita ina wanka. Na tarar da shi a kwata, tsakanin jiragen masunta, ruwa har ƙugunsa. Mutane sun yi cincirindo, kowa na ihun "kai yaro, hito!" Shi kuma ya toshe kunnuwa yana ƙara ja da baya, wajen zurfi. Masu suyar kifi duk sun san ni, har da ƙanwar Inna a cikinsu. Na ce a yi shiru don Allah. Na shiga da zanena, na durƙusa ruwa har wuya. Na kira sunansa. Bai juyo ba. Na sake. Sai ya sauke hannu ɗaya, ya zo ya ɗora yatsunsa a leɓena, yana jira in ƙara. Na ƙara. Na ce, "Zo." Ya zo.

Asabar, 11 ga Oktoba

Inna ta bugo waya, wai an ce mata na zubar da kunya a kwata. Na ce ruɗewa ce. Sai ta ce, "Ya amsa?"

Maigida bai sake tayar da zancen Shanga ba, ni ma ban tambaya ba. Jiya ma ya fasa mini kofi, kuma har yanzu ba mai shigowa gidan. Ranar Talata za mu ga likita. Igiyar nan na ɗaura ta a tsakar gida, shanya nake yi a kai.

Jamilu ya ci tuwo yau, a kwanona.