Takardar Sadiƙu

Asabar, 2 ga Satumba

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Karima da muke cin tuwo kwano ɗaya: ba don lada na shiga ƙungiyar Hannu Da Yawa ba. Don Sadiƙu na shiga. To, na rubuta.

Ranar da suka zo yashe kanibon unguwarmu, babbar kwatar nan, farkon damina, ina leƙe ta zaure na hango shi cikin kwata har gwiwa yana dariya. A littattafan da nake haya bakin tasha, saurayi da mota yake zuwa yana ƙamshin turare. Nawa da shebur ya zo. Washegari na ce wa Inna ina son aikin taimako. Ta ce, "Ke da sharar ɗaki ma sai an yi ta kira?" Amma ta bar ni.

Har yau abin da ya taɓa ce mini bai wuce "Nazifa, turo baro" ba.

Yau kanibon kasuwa muka yi. Leda, ƙashin kifi, takalmi wari ɗaya. Wayarsa ta suɓuce daga aljihu ta nutse cikin baƙin ruwan. Da ya lalubo ta sai ya ce a yi mata salla.

Lahadi, 3 ga Satumba

Bayan taro Tanti Uwani, shugabarmu, ta tsai da ni a buro, ofishin ƙungiya. Ɗiyarta ta haihu a Malbaza, za ta je ta zauna mata wankan jego. Ta miƙo mini ambulan.

"Takardar Sadiƙu ce. Lakwal ɗin koyon aikin jinya ta Tahoua da munka sa sunanshi, sun ɗauke shi. Litinin sha takwas ga wata shi kai kanshi da wagga takarda, in ba haka ba su ba wani. Bai zo taro ba, waya kuma ta mutu. Ke ce ba ki da mantuwa."

Na ce to.

Tahoua. Shekara biyu, in ji ta.

Laraba, 6 ga Satumba

Ranar zuwa likita, wato asibiti. Duk Laraba muna zuwa wurin marasa lafiyar da ba su da mai jinya, mu ɗebo musu ruwa, mu wanke kwano da zane. Akwai wani tsoho, Baba Na'Allah, mutumin Alela, ƙafarsa ta kumbura, danginsa duk suna gona. Ni ke ba shi kunu. Sadiƙu ke ɗaga shi in za a canza shimfiɗa, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

Ambulan na cikin jakata. Na kai hannu. Sai na tuna Mariama da ta miƙa wa wani yaro takardar rabon aiki kawai, aka yi sati ana yi mata guɗa, har zancen ya kai gidansu ta daina zuwa. Budurwa ta ba saurayi ambulan a gaban mutane? A Ƙonni? Na zare hannuna.

Sai Asabar. Akwai lokaci.

Asabar, 9 ga Satumba

Ruwa tun asuba, ba a fita aiki ba. Na ji daɗi. Ban son tambayar kaina dalili.

Lahadi, 10 ga Satumba

Dogarawa, rabon gidan sauro. Mun cika motar tasha kamar buhunan albasa, Karima kan cinyata, Sadiƙu a gaba, ƙeyarsa kaɗai nake gani.

Maza ba su shiga cikin gida, don haka mu 'yan mata aka tura. Karima ta shaƙe da mura, ta tunkuɗa ni gaba. Ni da ko a aji ban ɗaga hannu! Matan sun zagaye mu. Wata ta ce na bara sun rufe irin tumatir da shi, kaji ba su taɓa ba. Aka yi dariya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Inna, tumatir ɗin ya yi zazzaɓi ne?" Tsakar gidan ta ɗauka. Daga nan na nuna musu yadda ake shanya shi a inuwa kafin a ɗaura, da yadda ake cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Wata tsohuwa ta ba ni gujiya a leda, ta ce in dawo.

Da muka fito Karima ta ce, "Ashe kurma na da harshe!" Sadiƙu ya ji, ya juyo ya ce, "Ai mun jiyo daga waje. Sannunki, malama."

Malama. Duk hanya ina juya kalmar a bakina.

Kuma a ranar da ya fara ganina zan ba shi abin da zai ɗauke shi? Ban bayar ba.

Talata, 12 ga Satumba

Na buɗe littafi na rufe. Jarumar tana kuka a falo mai sanyi. Haushi ta ba ni.

Laraba, 13 ga Satumba

Da Karima zan iya aikawa. Ko ƙanena ya kai gidansu, bayan masallacin Juma'a ne kawai. Tun ranar farko na san haka. Kunyar nan da nake ta fakewa da ita, rabinta ƙarya ce.

Yau a likita Baba Na'Allah ya tambaye shi, "Ɗana, ina zancen karatun naka? Ko sai na mutu za ka zama likitan?"

Sadiƙu yana matse tsumma. Ya ce, "Shiru, Baba. Waɗanda anka ɗauka duk sun ji. Allah bai yi ba. Ina nan tare da ku, ni da shebur."

Ya yi dariya, amma ba irin ta cikin kwata ba. Tsohon ya ce, "Haba. Hannun ga naka?" Ya kama hannun ya riƙe.

Ina nan tare da ku. Abin da nake roƙo ke nan bayan kowace salla. An ba ni. Cokali na hannuna, kunun ya zube a zanen Baba, ya ce, "Ɗiyata, bakin na nan sama."

Alhamis, 14 ga Satumba

Inna ta ce in ba aljanu suka shafe ni ba in zauna wuri ɗaya. Na share tsakar gida ba a sa ni ba. Ta taɓa goshina.

Juma'a, 15 ga Satumba

Na yi ta tsara yadda za ta kasance. Takarda ta ɓace, ya zauna, wata rana ya zo zaurenmu da abokinsa, shekaru su wuce, in faɗa masa muna tsofaffi ya yi murmushi ya ce ƙaddara ce. A littafi haka ake yi.

Amma na kasa tsara fuskarsa a wurin murmushin. Ta Laraba ce ke ta dawowa.

In na ba shi zai tambayi yaushe ta zo. Tanti Uwani za ta dawo, ita ma za ta faɗa. Zai san na riƙe. Wataƙila ya gane dalili, wataƙila ya ɗauka sakarci ne. Ban san wanne ya fi muni ba.

Asabar, 16 ga Satumba

Na idar da salla, gari ya fara haske. Yau kanibon bakin lakwal ɗin yara, an ce kowa ya zo da wuri.

Akwai motar Tahoua gobe da safe. Zai samu ya wanke kayansa, ya yi sallama da mutanen gida.

A gaban kowa zan ba shi, kafin ya shiga kwata hannunsa ya ɓaci. Su yi guɗar. Zan ce, "Tun ranar uku ga wata take wurina." Abin da zai biyo baya ban tsara ba, kuma ba zan tsara ba.

Laraba ban san wa zai ɗaga Baba Na'Allah ba. Na ga yadda ake yi, hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa. Ni da Karima ma iya, in mun haɗu.

Ga ta can tana buga ƙofa. Na fitar da ambulan daga jaka. A hannu zan riƙe shi har can.