Kada a Sake Ba Baraka Burodi

Ingila, 9 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Inna da kowa a Ƙanƙara kuna lafiya. Ni lafiya lau, sai dai na ɗan kwanta mako uku a asibitin da nake koyon aikin jinya. Kada Inna ta ji. Na ɗan rame, shi ke nan.

Likita ya binciki hanjina, ya ce alkama ce ke lalata shi. Burodi, biskit, taliya, duk na bar su har abada. Ya kuma ce ciwon yana bin jini.

Sai ga wasiƙarka, kana alfahari wai tun da aka ƙara maku albashi ɗiyarka Baraka ta daina shan koko, sai shayi da burodi kamar 'ya'yan manya. Can ƙasa kuma ka ce zawonta ya ƙi tsayawa, wai haƙori ne. Haƙori a shekara huɗu, Yaya? Wannan ce wayewar taka? Ni da nake ƙasar masu burodin, ga shi ya kwantar da ni, kai kuma kana rungume da shi kana ratsa kasuwa don a gan ka.

Don Allah a mayar da ita kan gero da dawa, ka rubuto mini yadda cikinta ya yi bayan wata guda. A aiko mini da garin dawa da kuka. Burodin kuwa ka ci abinka kai kaɗai, tunda kai ne Baturen gidan.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Suwaibatu