Kanwar da Kika Zuba wa Teku

Zuwa ga Lubabatu, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan randata mai sanyi, wadda muryarta ta fi mini ƙamshin ruwan farko daɗi. Gaisuwa daga Gummi, daga gidan da ya yi mini faɗi tun ranar da kika tafi Legas yi wa autarmu Khairat wankan jego.

Shekarun baya, Lado direba ya sauke albasa a Legas ya dawo, ya ce mana a tasha wai teku na ɗumi, wai kuma yana tsami. Na yi dariya har na ƙware. Mutumin da ya taɓa rantsuwa ya ga kifin da ya fi motarsa tsawo, shi zan yarda da shi? Daga baya rediyo ta maimaita, wai hayaƙin duniya ne ruwan ke shanyewa. Na ce to, Lado ya samu aiki a rediyo.

Ashe Khairat ɗin da muka goya ce za ta mai da zancen Lado sana'arta. Ta yi mini bayani a waya, sannu sannu, yadda ake yi wa tsoho. Tankunan gilashi huɗu, kowanne da katantanwar teku a ciki. Na ɗaya an ɗumama ruwansa, na biyu an sa masa tsami, na uku an haɗa masa duka biyun. Na huɗu an bar shi yadda Allah ya yi shi, don da shi ake auna sauran. Wata shida za ta yi tana awon ɓawonsu duk Laraba.

Sai ke, hasken idona, kika kai mata abinci wurin aiki, kika ga ɓawon 'yan tankin tsami ya yi laushi yana ɓarewa. Kika tambayi dalili, aka ce tsami. Washegari kika koma da kanwa ƙulle a haɓar zane, kika juye musu a tankin. Aikin wata huɗu ya tafi a ƙulli ɗaya.

Khairat ta yi kuka, ke ma kin yi. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, na zauna bakin gulbi ina murmushi, don na tuna miyar yakuwarki ta farko, mako guda da aurenmu. Tsaminta ya sa na runtse ido, na ce ta yi daɗi. Inna ta ɗanɗana, ta marmashe miki kanwa a tukunya, kika tsaya kina kallon kumfar na tashi kamar kin ga abin al'ajabi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ba ki taɓa ganin abu ya yi tsami kin wuce ba, ko miya ce, ko fuskata. Ta yaya za ki ga teku ki ƙyale?

Yanzu kin ce ba za ki dawo ba sai an sake gwajin daga farko, ki riƙe mata jariri wata shida, ki wanke laifinki. Wata shida, Lubabatu? A yanke gero babu ke, dawa ta nuna babu ke? Ni ne fa tanki na huɗu. Babu wanda ya ɗumama ni, babu wanda ya taɓa ni, amma ga ɓawona na ɓarewa. Ki ce wa Khairat ta rubuta wannan a littafinta.

Na so in ce ki taho gobe. Har na rubuta, na soke. Zauna, tauraruwata, ki riƙe mata yaron ta gama aikinta. Sai dai ki miƙa mata sauran kanwar ta ɓoye. Ina nan inda kika bar ni, naki ne ni har ranar da ƙasa za ta rufe idona.

Na bar ki ki zauna ne don yanzu na yarda da zancen Lado. Ko da Khairat ta karanto mini awonta, gyaɗa kai kawai na yi. Wadda ta faɗa mini na yarda daga ƙarshe ke ce, ranar Talata a waya, da kika ce kin ga ɓawon da idonki.

Mijinki,
Bilyaminu