Ciyawar da Ba Mai Ci

Yaya Rohani,

Gaisuwa mai yawa daga Johor, nan ƙasar waje inda nake aiki. Ya jikin Inna? Ya yara, ya saniyarmu? Ni lafiya lau. Kada munin rubutun nan ya dame ki, da hagu nake yi.

Yaya, mutanen nan kuɗi gare su, ba hankali. Maigidana, Datuk Zulkefli, ciyawa yake shukawa a ƙofar gida, a ba ta taki, in ta yi kyau in aske da inji, a zuba a shara. Ko akuya ba shi da ita! Ranar baikon 'yarsa aka wayi gari da ruwa, ya ce in aske ciyawar. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari ta sha iska, jiƙaƙƙiyar ciyawa toshe inji take yi." Ya ce, "Kai Mahsun, baƙina ne za su jira ciyawa?" Ta kuwa toshe. Na sa hannu in ciro, wuƙar injin ta juya. Yatsu biyu ne kawai ta cire mini, kada ki gaya wa Inna.

Da na dawo daga asibiti, abin da ya fara nuna mini shi ne inda tayar injin ta kwaɓe masa fili.

Ku sa ni a addu'a. Kuma kada ku sayar da saniyar nan. Ita ko ba komai ta san amfanin ciyawa.

Ƙaninki,
Mahsun