Ina Kewar Faɗan Matata

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni tela ne, shekararmu goma sha tara da maiɗakina. Mace ce mai baki, Allah ya sani. In na shigo da zare a jikin riga, faɗa. In na bar almakashi a kan gado, faɗa. Har maƙwabta sun san lokacin dawowata gida. Na sha roƙon Allah ya ba ni ko yini ɗaya na shiru.

Bara ta fara tari da ciwon baya. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce ƙari ne ya fito a jikin wata jijiya kusa da huhu, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Aka yi aiki aka cire, ba mai yaɗuwa ba ne, alhamdu lillahi. Sai dai jijiyar murya ta taɓu. Yanzu in tana magana sai ka kai kunne, kamar mai raɗa. Ta ma daina gwadawa. In tana son abu sai ta buga cokali a jikin kwano.

Gwaggo, kewar faɗan nan na neman kashe ni. Da gangan nake barin almakashin a gado, ta ɗauke ta ajiye, ko kallona ba ta yi. Ina da tsofaffin saƙonnin muryarta a waya, duk na masifa ne, su nake ji a shago in na tsayar da keken ɗinki. Makon jiya ta kawo mini abinci, ta same ni ina saurare, ina dariya hawaye na zuba. Ta ajiye kwanon ta juya. Tun ranar ko cokalin ba ta bugawa. Yaya zan yi in dawo da ita?

Telan da gidansa ya yi tsit

Malam tela, sannu. An ba ka shirun da ka roƙa, ga shi ka kasa haɗiyewa.

Kewarka ba laifi ba ce. Amma duba ta wajenta: ta tsallake wuƙar likita da ƙyar, ta zo ta tarar mijinta ya fi jin daɗin muryar da ta rasa. Dole ya yi mata ciwo. Ita ma da nata laifin, don yin shiru ba ya gyara murya.

Ka daina ɗana mata tarko. Abin da ka faɗa mini, faɗa mata baki da baki, ka ba ta haƙuri. Ku koma asibiti ku tambayi masu horar da murya, sau da yawa ana samun sauƙi; kada dai ka yi mata alkawarin tsohuwar za ta dawo. Saƙonnin kuwa adana su, ka bar jinsu. In ka dawo gida kashe rediyo, jawo kujerarka kusa da ita, ka jira, ko da za ta kwana uku ba ta tanka ba. A da ita ke ɗaga murya ta same ka. Yanzu kai za ka taka ka je inda muryar take.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ka kunnen jin raɗa.