Fankar da Otilia Ta Dawo Min da Ita

Litinin, 4 ga Maris

Jiya aka gama addu'ar kwana tara ta marigayi Anselmo. Yau da safe duk wanda ya ara wa gidan makoki kaya ya je ya kwashi abinsa: kujeru, tukwanen kofi, fankoki. Fanka bakwai ce a jere a tsakar gidan, kowacce da sunan mai ita a jikin salatif, yadda muka saba a layin nan. Tawa kuwa komadre Otilia da kanta ta tsallako titi ta kawo min har ɗaki. Ta rame sosai. Na ce, "Haba komadre, mijinki bai kwana goma a ƙasa ba, ki ɗauko min kaya?" Ta ce ƙafarta ce ke son motsi.

Kwana taran nan da kwali nake yi wa mijina Nicanor fifita. Shekara biyu ke nan yana kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ban yi da-na-sani ba. Matar da ta riƙe min 'yata Yuleidis ranar baftisma, har muke ce wa juna komadre, in ban ara mata fanka ba, wa zan ara wa?

Laraba, 6 ga Maris

Fanka ta fara wani kar-kar-kar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Shekara ɗaya da wata huɗu ban taɓa jin ta yi ko tari ba.

Rana ɗaya muka saye su ni da Otilia, iri ɗaya, farare, masu araha, a wurin mai haƙorin gwal ɗin nan na kasuwar bakin kogi. Har rantsuwa ya yi wai sai jikokinmu sun gaje su. Maƙaryaci!

Nicanor ya kasa kunne, ya daɗe, sannan ya ja bakinsa da ƙyar ya ce, "Griselda, ba tamu ba ce." Na ce, "To ta wa ce, tsoho, ta Fadan coci? Ga sunana nan ɓaro-ɓaro." Tun da ciwon nan ya same shi yakan kira ni da sunan uwarsa ma.

Asabar, 9 ga Maris

Ta daina waige. Wuyan ma ya saki, sai kallon ƙasa take kamar marar gaskiya. Na ɗaure kan da tsumma a jikin gado. In na danna lamba uku sai ta yi ta gunaguni, sai na zura cokali ta raga na tura mata fiffike kafin ta yarda ta juya.

Talata, 12 ga Maris

Ƙarfe biyu na rana, kwanon rufi kamar zai narke, ta mutu. Warin ƙonannen roba kawai na ji.

Da safe ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba bayan Nicanor, ta ce fatar ta fara saɓulewa wuri biyu saboda gumi, in ya zama gyambo sai asibiti. Ta ce a bar iska na ratsa shi. Wace iska? A garin nan namu Magangué a watan Maris ko kare ba ya haushi sai rana ta faɗi.

Na zagi fankar nan kamar mutum. Kullum Asabar ina kwance ragarta in wanke, in ɗiga mata man keken ɗinki, in lulluɓe ta da zane in za a yi shara. Ta rasa lokacin da za ta ci amanata sai yanzu.

Alhamis, 14 ga Maris

Da yamma na fito da kujeru biyu ƙofar gida kamar kullum, Otilia ta zo muka zauna. Na yi ta ba ta labarin fanka har da kwaikwayon kukanta. Ta ce, "Kayan araha ke nan, komadre." Na ce taki fa? Ta ce tana lallaɓawa. Ba ta shiga ta gaida Nicanor ba, wai kanta ke ciwo.

Hannuna na dama ya kumbura da fifita.

Asabar, 16 ga Maris

Wannan kam sai na rubuta.

Na kai ta wurin Don Fulgencio mai gyara. Yana cire murfin baya ya yi dariya ya ce, "A'a, tsohuwar ƙawata ce ta dawo! Ga ɗaurin wayata nan. Ai a Disamba marigayi Anselmo ya kawo ta, na gaya masa ba za ta kai Ista ba."

Na ce Don Fulgencio, gilashinka ne ya yi datti. Sai na tuna. Ranar da muka sayo su na ɗiga jan farce a ƙarƙashin gindin tawa don kada mu rikita su a mota. Na kifa ta a gabansa. Babu. Salatif ɗin kuwa duk ya yamutse ta gefe, an ɓare shi daga wani wuri an sake mannawa.

Na bar masa ita a nan na taho. Ban san yadda na iso gida ba. Na ce wa Nicanor, "Ka yi gaskiya." Shekara talatin yana gyaran injin jirgin ruwa da kunne, ni kuma na mai da shi taɓaɓɓe.

Lahadi, 17 ga Maris

Ban je coci ba. A benci ɗaya muke zama da Otilia.

Litinin, 18 ga Maris

Da tsakar rana na tsallaka gidan Otilia, ban ƙwanƙwasa ba. Tana kwance a ɓangaren Anselmo na gado, fankata a kanta tana waige dama da hagu, shiru, sumul. Na zare wayar na kifa ta. Ga jan farcena.

Ba ta musa ba. Da ta musa ma da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Kwana biyu kawai na ce zan riƙe, Griselda. In waccan ta tsaya ɗakin sai ya yi tsit, ba na iya zama." Na ce bayan Nicanor fa? Kin ji da kunnenki ranar Alhamis, kina kan kujerata! Ta ce, "Ke ai kina da mai numfashi kusa da ke."

Wallahi maganar nan ta fi satar zafi. Da ta roƙe ni da bakinta, da mun raba, ita dare ni rana. Amma ta zauna ta ɓare sunana da farcenta, ta ɗauko matacciya ta kawo min har ɗaki, ni kuma ina mata sannu.

Na saɓa abata a kafaɗa na fito, duk layi na kallo. Su kalla.

Juma'a, 22 ga Maris

Lamba biyu ma ta ishi Nicanor. Bayan nasa ya fara bushewa. Fankar ba ta da laifi ko kaɗan, har na ji kunyar zagin da na yi wa mai haƙorin gwal.

Ba na fita ƙofar gida da yamma. Sauro.

Alhamis, 28 ga Maris

Makon Ista, faranti sai yawo yake gida-gida. Na tarar da ɗaya a kan tagata, an rufe da kyalle: alewar doya da kwakwa. Babu mai yin ta da kanumfari haka sai mutum ɗaya. Na ce kaji zan ba. Nicanor ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu, dole na ba shi cokali biyu. Ya cinye rabi, maci amana.

Asabar, 30 ga Maris

Faranti ba ya komawa wayam, haka muka taso muka gani. Na zuba alewar gwanda. Wannan al'ada ce, ba yafiya ba.

Don Fulgencio ya aiko wai in zo in kwashe tarkacena, wuri take tare masa. Ashe ya sake naɗa wa matacciyar fankar wayar injin. Ni ce na ce ya naɗa, amma tun ranar Talatar da ta wuce ne, na manta. Ba ni da wurin ajiye ta. Na rubuta OTILIA a sabon salatif da manyan baƙaƙe, na manna, na ajiye ta da farantin a bakin ƙofarta. Ban ƙwanƙwasa ba.

Wajen ƙarfe biyar muka jiyo kar-kar-kar daga tsallaken titi. Nicanor ya ce, "Waccan ce tata." Na ce na sani, tsoho, kunnena bai mutu ba.

Na fito da kujeru biyu. Ta biyun ta ɗora ƙafa ce, ƙafata ta kumbura. Har rana ta faɗi ban ɗora ba.