Na Uku Ya Iso, Rifkatu

Zuwa ga ƙawata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da iyali da Mama. Lambarki ta daina shiga tun tuni, shi ya sa na rubuto a wannan shafin na intanet inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya isar miki. Albishir ne da ni: na uku ya iso.

Kin tuna muna 'yan sakandare a Kazaure, Babanku yana aikin asibiti, gidanku da namu katanga ɗaya. 'Yan ajinmu suna fama da littattafan soyayya, mu kuwa in ba a tsinci gawa a babin farko ba, ba ma ɓata lokacinmu.

Sai yayana ya sayo mana wani littafi a kasuwar Babura, na ɗaya da na biyu. Labarin attajirin hatsin nan da aka samu a mace cikin shagonsa, ƙofa a kulle ta ciki, mabuɗi a aljihunsa. Muka cinye su a gindin darbejiyar ƙofar gidanku, kina riƙe min hannu kada in riga ki juya shafi. Na biyu ya ƙare daidai inda ɗan sanda ya tara mutanen gidan ya ce ya gano mai laifi. Sai aka ce a nemi na uku.

Duk ranar kasuwa mai littattafan sai ya ce wa Yaya yana hanya. Har muka gama makaranta yana hanya.

Ke kika kafe a kan direba ne, wai ladabinsa ya yi yawa. Ni na ce ƙanin mamacin ne, don kukansa ranar jana'iza ya wuce misali. Innata, da take saurare tana tankaɗe, ta ce duk shirme muke yi, mai gadi ne, tunda duk tsawon labarin ba wanda ya miƙa masa abinci. Har gaba muka yi a kan direban nan, sai da Mama ta shirya mu da dafaffiyar gyaɗa.

Ranar da aka mayar da Babanku jihar Filato, kina zaune kan kaya a bayan mota kika ce, "Hadiza, na san ki da leƙen ƙarshen littafi. In kin same shi, kada ki karanta sai da ni." Na yi alkawari ina dariya, don ban zaci za a taɓa samunsa ba.

To, makon jiya na je bikin suna a Gwiwa, gidan ƙanwar maigidana. Ana fito da tsofaffin kwanuka daga ƙarƙashin gado, sai ga na ukun nan cikin wata kwalla, gara ta ɗan ci gefensa. Ihun da na yi, mata sun ɗauka kunama ce ta harbe ni.

Hanyar komawa Roni kuwa na sha azaba. Yana cikin jaka, jaka tana kan cinyata, hannuna sai kai kansa yake yi. Ina isa gida na ɗauko allura da zare na ɗinke bakinsa ruf. Maigida ya ce in ba shi ya karanta ya ba ni labari, wai shi bai yi wa kowa alkawari ba. Na ce ya gwada, ya ga mai tuƙa masa tuwo. Sunan littafin ma da gangan na ƙi faɗa, na san mutanen shafin nan, yanzu wani zai yi wuf ya rubuto ƙarshen a ƙasa.

Rifkatu, Inna ta rasu ba ta ji ko mai gadin nata ne ba. Har ta kwanta ciwo tana tambayata ko an ji ɗuriyarki. Na karanta littattafai da yawa bayan tafiyarki, har a waya, amma gano mai laifi ba ya min daɗi in babu wadda zan yi wa gori. Na yi kewarki, abin da nake ta kewaye-kewayen faɗa ke nan.

Allah ya tsare ki da zuriyarki, ya sa saƙon nan ya same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Ki taho da reza, ni na ɗinke, ke za ki farke. Kuma don Allah ki hanzarta, zaren ba mai ƙwari ba ne, ni ma haka.

Taki har kullum,
Hadiza, daga Roni